Obin Ɗina Ya Kulle, Ƙanin Mijina Yana Dariya

Malama Hidaya,

“Matarmu, kwantar da hankalinki. Duk randa wanga abu yay yi miki gardama, kira guda za ki yi, kahin shayinki ya huce ina ƙofar gida.”

Wannan maganar Hudu ce, ƙanin mijina, ban ƙara harafi ba, ban rage ba. Ya faɗe ta a kicin ɗina a nan Gummi, hannunsa a kan obin ɗin da ya gama haɗa mini, yayansa na tsaye yana ji. Yau kwana ashirin da biyu da na yi kiran. Shayi ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Ki taimake ni, don na kai matsayin da in ban amayar da abin da ke cikina ba zan aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a unguwarmu.

Roƙo ɗaya kafin ki ɗauki biro: kada ki ce in yi haƙuri. Ina karanta filinki, na san kalmar tana yi miki daɗin rubutawa. An ba ni ita a gidan nan har ta ginshe ni. Abu biyu nake nema, yadda zan buɗe obin ɗina, da yadda ake sa mutum ya gane cewa yau ba wasa ake yi da shi ba.

Ni malamar makaranta ce, shekara ashirin da shida ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata. Na faɗi haka ne don kada ki ɗauke ni irin matan da ke ja da baya daga duk abin da ke da waya a jikinsa. Gasa kek da gireba shi ne hutuna. In na dawo daga makaranta kaina ya cika da surutun yara, kwaɓin gireba ne ke sauke mini shi. Bara na sayi babban obin ɗan Kwatano da gumina. Gas yake ci, amma ba shi da abin murɗawa ko ɗaya. Baƙin allo gare shi a goshi, mai maɓallan dannawa da ɗan gilashin da ke nuna lambobi, wutar solar gidanmu ke kunna shi. Bai zo da littafinsa ba. Hudu ne ya zaɓo shi a Sakkwato, shi ya haɗa, don sana'arsa ke nan, haɗa sola da wayarin gida.

Ranar da ya haɗa, kafin in gama ƙare wa abin kallo, ya zaro salatif na takarda ya yayyanka, ya lilliƙa a kan kowane maɓalli, ya bi da biro yana rubutawa: KUNNA, KASHE, ƘARA WUTA, RAGE WUTA, LOKACI, FITILA. Na ce masa ya bar mini rubutun da ke jiki, ai Turanci ne, ni nake koyar da shi. Ya ce Turancin aji daban, na injiniyoyi daban. Aka yi dariya. Maɓalli na ƙarshe, na can kusurwar dama, sai ya liƙa masa salatif ninki biyu, ya rubuta KADA A TAƁA da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙasa. Na tambaye shi aikinsa. Ya ce, “Wanga na maza ne. In kin taɓa shi, ba ruwana da abin da ya biyo baya.” Aka sake yin dariya, har da ni, Allah ya yafe mini.

Kin san al'adarmu, ƙanin miji abokin wasa ne. Yana ɗan firamare aka kawo ni gidansu. Ni na wanke masa kayan makaranta, ni na ɓoye shi a bayan ƙofa ranar da yayansa ya biyo shi da bulala. Yana ce mini matarmu, ina ce masa ɓarawon gireba. Shekara ashirin da takwas muna a haka, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai yanzu da na gane cewa mutumin da aka halatta masa ya tsokane ka ba shi da kunnen jin kukanka.

Ɗiyata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba, ta zo gida haihuwa kamar yadda aka saba a cikin fari. Allah ya sauke ta lafiya, mace aka samu. Mijinta mutumin Anka ne, uwarsa Hajiya Tabawa, mace ce da ba ta ɗaga murya amma in ta yi magana sai ka kwana uku kana cire ƙaya. Tun ɗiyata na da ciki wata bakwai ta riƙa yi wa dangin mijinta alfahari da kek ɗin Innarta. Ni ma na saki baki, na ce ranar suna Anka za ta san an zo Gummi.

Jajibirin suna, ranar Lahadi da hantsi, na fitar da farantin gireba na farko, ya yi kyau kamar a ɗauki hoto. Gida cike da mata da yaransu, kicin ba masaka tsinke. Sai ga Hudu ya kawo rumfa da kujeru. Ya kutsa kicin, ya kwashi gireba biyar da zafinsu, ya ce haƙƙin miji ne, ya fita. Daga nan ya kama hanyar Nasarawa Burkullu, inda ya karɓi aikin haɗa wa wata rijiyar burtsatse sola. Ni kuma aka kira ni gaisawa da baƙi. Da na dawo ɗauke da kwaɓin kek na ƙwai talatin, na danna KUNNA, sai abin ya yi ƙara sau biyu, ɗit ɗit, hoton wani ɗan jan kwaɗo, irin na kulle ƙofa, ya fito a gilashin. Na danna KASHE, ɗit ɗit. Na danna FITILA, ɗit ɗit. Ƙofarsa tana buɗewa tana rufewa lafiya lau, cikinsa har da sauran ɗumi, amma ya ƙi jin maganar kowa.

Na kira Hudu, wayar ba ta shiga ba. Kwaɓi kuma ba ya jira. Na ɗauki robar a kaina kamar mai talla, na shiga gidan maƙwabciyata Sahura, wadda ke gasa kek a tukunya da yashi da gawayi, a gwangwanayen madara. In faɗi gaskiya tunda takarda ce: ranar da obin ɗina ya iso na taɓa ce mata ta kai tukunyarta gidan tarihi. Ba ta tuna mini ba. Ta hura gawayi kawai. Amma kwaɓin ya riga ya kwanta, ga gaggawa, ga hannuna bai san wutarta ba. Ƙasa ya ƙone, tsakiya ɗanye. Abin da aka iya tsinta aka yayyanka aka jera a faranti ɗaya.

Ranar suna Hajiya Tabawa ta ɗauki yanka ɗaya, ta juya shi, ta duba ƙasansa, ta mayar. Sannan ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da aka auna don ta iso kunnena, “An ce muna kek na inji za mu ci. Ashe injin ma jego yake yi.” Mata suka kwashe da dariya. Ɗiyata ta sunkuyar da kai a kan jaririyarta, ba ta ɗago ba har aka watse. Wannan sunkuyon ne ban yafe ba.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na zare shi daga soket na mayar ya fi sau goma, jan kwaɗon yana dawowa kamar mai gadi. Na canja tukunyar gas. Na kashe sola na tayar da janareta, ko ƙarfin wuta ne bai ishe shi ba. Na sa an janyo shi daga bango don in karanta lambarsa, na tarar an ɗaye takardar bayan tun a can inda ya fito. Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja, Turawa da Indiyawa da Larabawa, kowa da irin nasa obin ɗin, kuma bakinsu ɗaya: a danna maɓallin da ke da hoton kwaɗo. Nawa ba shi da maɓalli mai hoton kwaɗo. Na danna duk shidan, ɗaya ɗaya, biyu biyu, na riƙe, na saki. Na bakwai ne kawai ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa shi ba. Abu ne mai aiki da gas, ga jaririya a ɗakin da ke jikin kicin, ga mai jego. Shekara ashirin da shida ina ce wa yara su bi umarnin da aka rubuta a saman takarda kafin su amsa tambaya. Ba ni ce zan tashi gida da wuta don kek ba.

Shi kuwa gogan, da wayarsa ta samu sabis, na aika masa saƙon murya. Na ce, “Ɓarawon gireba, ka kashe mini obin ka gudu, ka dawo ka tashe shi ko in sa a kamo ka.” Ya maido da amsa yana dariya har da tari: wai obin ɗin ma ya gaji da faɗana ne, yajin aiki yake yi, in lallashe shi. Na sake aikawa na ce abin ya mutu murus, kuma alhakin ƙwai talatin yana wuyansa. Ya ce in ajiye masa ɓawon. Sau shida muna haka. Duk lokacin da na ƙara zafi, sai ya ƙara dariya, a zatonsa na ƙware ne a wasan. Juma'ar da ta wuce na ji labarin ya shigo gari ya yi sallah ya juya. Bai tako gidana ba. Man shanu ya bayar a kawo mini, wai tsarabar ruga. In gasa me da shi, Malama? Kaina?

Maigidan kuma, Allah ya ba shi lafiya, da na kai masa ƙara sai ya yi murmushi ya ce shi ba ya shiga tsakanin mata da miji. Yana ganin ya yi abin dariya. Na ce masa da gaske nake. Ya ce ai kullum da gaske muke, ni da Hudu.

Zuciyata tana gaya mini Hudu ne ya kulle shi da gangan. Shi kaɗai ya san cikin abin, shi ne na ƙarshe da ya tsaya a gabansa, kuma irin tsokanarsa ce. Ya taɓa ɓoye mini takalmi ranar da masu duba makarantu za su zo. Ina jin so yake in roƙe shi, in kira shi injiniya a gaban mutane.

Akwai wani mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa, Makau. Ya zo ya duba, ya ce ƙwaƙwalwar ce ta tafi, amma zai iya kwance bayan, ya tsallake allon gaba ɗaya, ya haɗa wayoyin kai tsaye, in riƙa kunna shi da ashana. Ya ce aikin awa ɗaya ne. Ban amsa masa ba, ban kuma kore shi ba.

Ga inda abin yake. Ranar Asabar ta makon gobe ɗiyata ke cika arba'in, za a mayar da ita ɗakinta a Anka da gara. Shinkafa da mai da alkaki da nakiya duk an tanada. Amma kowa ya san abin da Hajiya Tabawa za ta fara buɗewa. In babu gireba da kek daga hannuna, masu kyau, a cikin kayan nan, maganar injin da ke jego za ta bi yarinyar nan har ta aurar da tata ɗiyar. Ni zan zauna a Gummi, ita ce za ta zauna da su.

Saboda haka na yanke. Na ba Hudu zuwa azahar ɗin Laraba ta makon gobe. In aka yi sallama daga masallaci bai tsaya a gaban obin ɗin nan ba, Makau zai kwance shi. In Makau ya kasa, zan sa a ɗora shi a amalanke a sauke a ƙofar shagon Hudu, da salatif ɗinsa da rubutun hannunsa, kowa ya karanta. Kuma daga ranar wasa ya ƙare tsakaninmu. Zan riƙa rusuna masa ina gaishe shi, in kira shi Malam Hudu, in ajiye masa abinci a rufe in fita daga ɗakin, kamar baƙon da ban taɓa wanke wa wando ba. Ya nemi wata matar tasu.

Innar mai jego,
Gummi.

*

Malama,

Barka da arziki, Allah ya raya jaririya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Kalmar da kika hana ni na ajiye ta, ki duba har ƙasa ba za ki same ta ba.

Mu fara da obin, tunda shi ke da ranar Asabar a gabansa. Na karanta wa wani tsohon mai gyaran kayan kicin wasiƙarki, kuma tun kafin in kai ƙarshe ya ce abin da ni ma nake zato. Obin ɗinki bai mutu ba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta tafi ba ya amsawa da ƙara biyu, ba ya zana kwaɗo. Wannan kullen kariya ne da masu ƙera shi suka sa don kada yara su kunna wuta, kuma da yawansu suna riƙe shi ko an zare su daga soket, shi ya sa kika zare sau goma yana dawowa. Masu bidiyon nan gaskiya suka gaya miki, akwai maɓalli mai hoton kwaɗo. Kin ce naki ba shi da shi. Malama, yaushe rabon da ki ga fuskar maɓallanki? Tun ranar da aka haɗa shi suke sanye da salatif. Shida kin san aikinsu. Saura ɗaya.

Ban ce ki danna shi ido rufe ba. Tsoron da kika ji daidai ne, mace mai hankali ba ta gwaji da gas a gidan da ke da jaririya. Amma ɗaye takarda ba dannawa ba ne. Da safe, ki rufe gas daga kan tukunyar, ki buɗe taga, ki sa farce a hankali ki ɗaye salatif ɗin nan ninki biyu, ki karanta abin da ke ƙasa da Turancinki na aji, wanda nake da tabbacin zai wadatar. In kin ga hoton kwaɗo ko makulli, ko ɗan rubutun da ke cewa a riƙe na sakan uku, to kin iso. Ki goge allon da busasshen ƙyalle, hannunki ma a bushe, ki ɗora tsokar yatsa ba farce ba, ki danna ki riƙe, ki ƙirga ɗaya zuwa biyar a natse. Yawancin mutane suna saki da wuri. Za ki ji ƙara ɗaya, kwaɗon ya ɓace. In agogonsa yana ƙyaftawa bayan haka, ki saita masa lokaci, don wasu ba sa kama wuta sai an yi hakan, kuma kin sha zare shi. Sannan ki buɗe gas ki gwada shi babu komai a ciki. In kin ji warin gas, ki rufe tukunyar ki tsaya nan.

In kuwa abin da ke ƙarƙashin takardar wani abu ne daban, misali na wanke ciki da wuta mai tsanani, kada ki danna. Ki ɗaye sauran shidan duka. Wani lokaci ana zana ɗan kwaɗon ƙarami a ƙarƙashin maɓallin fitila ko na lokaci, wani lokaci a tsakanin maɓallai biyu da ake riƙewa tare. Lambar obin ɗin kuma ba a baya kaɗai ake liƙa ta ba. Ki buɗe ƙofar ki duba gefen bakinsa, ko cikin aljihun ƙasa in yana da shi. Da lambar za ki samu littafinsa a waya. Sai in duk wannan ya gaza, ko gilashin ya nuna harafi haɗe da lamba, sannan ake neman mai gyara, kuma wanda ya san obin, ba fanka ba.

Makau kam ki sallame shi yau, da godiya. Allon da yake son tsallakewa shi ne ke yanke gas in wuta ta mutu a ciki. Kin ƙi taɓa maɓalli ɗaya don tsoron tashin wuta, sannan ki ba wani sukundireba ya cire mai gadin gaba ɗaya? Wannan ba fushi ba ne, ganganci ne, kuma ba halinki ba ne.

Yanzu Hudu. Yana da laifi, kuma ba ƙarami ba. Ya yi alkawari a gaban yayansa bai cika ba. Ya shigo gari bai leƙo ba. Mafi girma, ya rufe miki ilimin kayanki da takarda maimakon ya yi miki bayanin minti ɗaya, ya kuma ce na maza ne. Wannan ɗabi'a ce da ke damuna a wajen masu sana'a da yawa: sun fi son mace ta kira su da ta fahimta. Da ya ce miki wannan na kulle allo ne saboda yara, da an ci kek a sunan nan.

Amma cewa ya kulle ne don ya wulaƙanta ki, ban gamsu ba. Ki tuna kicin ɗinki a ranar: mata a cunkushe, yara a ƙasa, obin da zafi. Mai yiwuwa shi ya danna don ya ga ƙananan hannuwa suna kai wa allon, ya fita da niyyar gaya miki, gireba ta cika masa baki, hanya ta ɗauke masa hankali. Mai yiwuwa kuma ba shi ba ne sam. Wata ta jingina da kusurwar tana gyara goyo, ko ta goge allon da jiƙaƙƙen tsumma, sakan uku kawai abin ke buƙata. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba.

Ga kuma abin da ba za ki so ji ba. Ni kin gaya mini akwai jan kwaɗo, akwai ƙara biyu, ƙofa tana buɗewa. Shi me kika gaya masa? Ɓarawon gireba, ka kashe mini obin, alhakin ƙwai talatin. Sau shida kika aika masa da fushinki a cikin kwanon da kuka shekara ashirin da takwas kuna zuba wasa, sannan kina mamakin ya sha yana dariya. A cikin saƙonnin da kika kawo mini babu inda kika ambaci kwaɗon, wanda da ya ji shi da ya warware miki a numfashi ɗaya daga can Nasarawa Burkullu. Ina kuma shakkar ko ya san abin da Hajiya Tabawa ta faɗa, ko ya san ɗiyar da ta tashi a gabansa ta sunkuyar da kai a taron sunan jaririyarta. Shi ba ya ma gari ranar, sauran maza kuma suna waje, nama suke rabo. Hanyar da yake bi kuma kin san ba kullum ake shiga ta yadda aka ga dama ba, saboda rashin tsaro.

Don haka ko obin ya buɗe ko bai buɗe ba, ki aika masa saƙo ɗaya a rubuce, ba na murya ba, don muryarki ce ke sa shi dariya. Ki fara da sunansa na yanka. Babu ɓarawo, babu barazana. Layi huɗu sun isa: abin da gilashin ya nuna, abin da aka faɗa ranar suna, yadda yarinyar ta ji, da ranar da za a kai gara. Ki nuna wa maigidan saƙon kafin ki tura, ki ce masa wannan karon yana ciki, don ɗiyarsa ce za ta zauna a Anka. Shi ma ya ɓuya a bayan al'ada ya isa.

Amalanke kuwa ki bar shi inda yake. Obin ɗin naki ne, guminki ne. In kin sauke shi a ƙofar shagon Hudu, shi ya samu obin, ke kin samu 'yan kallo.

Sahura fa? Matar da kika ce ta kai tukunyarta gidan tarihi, ta hura miki gawayi ba ta tuna miki ba. Ki shiga wajenta cikin makon nan, ba da gudu ba, ki faɗa mata abin da ya kamata ki faɗa, ki kuma ce ta nuna miki wutarta da sabon kwaɓi. Kek ɗin yashi ba ya ƙonewa a hannun wadda ta san shi. In kin yi haka, ko me allon nan ya yi, gara ba za ta tafi Anka babu kek ba, kuma za ki daina kwana da ranar Asabar a ƙirji. Mai jegon ma ta huta. Kwana ashirin da biyu tana kallon Innarta tana huci a kan abin da take ganin saboda ita ne.

Hukuncinki na ƙarshe, na rusunawa da Malam Hudu, shi ne mafi tsanani a wasiƙar, kin kuma san haka. Ban hana ki ba, amma na rage masa tsawo. Yini ɗaya ya isa. Ranar da ya zo, ki gaishe shi da ladabi, ki zuba masa gireba biyar a faranti mai murfi, ki ɗora ɗan salatif ɗin nan nasa a kan murfin, ki ajiye a gabansa ki fita. In bai biyo ki kicin yana ba ki baki ba kafin shayinsa ya huce, ki sake rubuto mini, ni da kaina zan nemo miki mai amalanke.

Allah ya sa a kai gara lafiya, ya sa Hajiya Tabawa ta juya kek ɗin ta duba ƙasansa ta rasa abin faɗa.

Taki,
Hidaya.